Harajin Gado da Farautar Muƙami a Farkon Jamhuriyar Amurka: Waiwaye a Kan Sokewar 1802

A watan Afrilu na shekarar 1802 Majalisar Dokokin Amurka ta soke dukkan harajin cikin gida da gwamnatin tarayya take karɓa, ciki har da ɗan harajin da aka ɗora wa gado shekara biyar kafin nan. An saba kawo wannan mataki a matsayin nasarar talaka a kan gwamnati mai haɗama, kuma haka shi kansa Shugaba Tomas Jefason ya so a fahimce shi. Wannan muƙala tana ganin akwai gyara a wannan fahimta. Idan aka bi diddigin rigingimun haraji da suka girgiza ƙasar tsakanin 1791 da 1800, za a tarar cewa abin da ya fi hura wutarsu shi ne irin mutanen da aka naɗa su karɓi harajin da kuma hanyar da aka bi aka naɗa su. Jefason ya gano inda ciwon yake. Sai dai maganin da ya bayar ya sauke wa mai dukiya nauyi, ya bar talaka da nasa, kuma bai rage kwaɗayin muƙami da komai ba.

Sabuwar Ƙasa da Sababbin Kujeru

Gwamnatin haɗin gwiwa da jihohin Amurka suka kafa lokacin yaƙin neman 'yancinsu daga Birtaniya ba ta da ikon karɓar haraji. Roƙon jihohi take yi, su ba ta abin da suka ga dama. Tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 ne ya ba gwamnatin tarayya wannan iko, aka kuma rantsar da Joj Washinton a matsayin shugaba na farko ranar 30 ga Afrilu, 1789. Gwamnatin ta gaji bashin yaƙi, wanda ya kai kimanin dala miliyan 75 bayan da Sakataren Baitulmali, Alekzanda Hamilton, ya sa tarayya ta ɗauke wa jihohi nasu basussukan. A watan Yulin 1789 aka yi dokar kuɗin fito a kan kayan da ake shigowa da su, aka kasa gaɓar ƙasar zuwa shiyyoyin kwastan 59. Kowace shiyya tana buƙatar mai karɓar kuɗi, manyan tashoshi kuma suna buƙatar mataimaka da masu duba kaya da masu awo. Ke nan tun daga ranar farko, duk dokar haraji dokar raba ayyuka ce a lokaci guda.

Masu son waɗannan ayyuka kuwa ba su da iyaka. Tun kafin Washinton ya bar gidansa na Bajiniya wasiƙu suka fara yi masa ruwa. Akwai tsofaffin hafsoshin da aka sallama da takardun alkawarin biya, talauci ya sa suka sayar da su a wulaƙance. Akwai 'yan kasuwar da yaƙi ya karya, da waɗanda suke riƙe da kwastan na jihohi suna fargabar sabon tsari zai raba su da abincinsu. Kusan duk salon wasiƙun ɗaya ne: mai nema zai ambaci hidimar da ya yi wa ƙasa, ya kawo yawan iyalinsa da bashin da ke kansa, sannan ya jero manyan mutanen da za su shaide shi. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan muƙamai ba albashi tsayayye ne ya sa ake rububinsu ba. Jami'in kwastan yana samun kaso daga abin da ya tara da kuma ladan takardun da ya sa wa hannu, don haka kujerar babbar tasha hanyar arziki ce.

Washinton ya yi iya ƙoƙarinsa wajen kauce wa zargin son kai. Da ɗan ɗan'uwansa Bushrod Washinton ya nemi zama lauyan gwamnatin tarayya a Bajiniya a 1789, sai ya hana shi, bisa hujjar cewa akwai lauyoyin da suka girme shi a aiki, kuma idon jama'a yana kan shugaba. Amma a watan Agustan wannan shekara Majalisar Dattawa ta nuna masa cewa ba shi kaɗai yake da wuƙa da nama ba. Ya miƙa sunan Benjamin Fishbourn domin wani muƙamin kwastan a Savannah ta jihar Jojiya, majalisar ta yi watsi da shi, saboda kawai Sanata James Gunn na jihar ba ya ga-maciji da mutumin. Daga nan aka samo al'adar da har yau ba ta mutu ba, ta barin sanatan jiha ya yi tasiri a kan naɗin da ya shafi jiharsa. Ma'aunin da Washinton ya ce yana bi, wato cancanta da mutunci a idon jama'a, a aikace ya koma fifita masu hali da masu goyon bayan sabon tsarin mulki. Zuwa 1795 ya fito fili ya rubuta cewa naɗa mai adawa da manufofin gwamnati daidai yake da gwamnati ta kashe kanta.

Masu nazarin Hausa ba baƙi ba ne ga haɗuwar waɗannan abubuwa biyu. A cikin Kitab al-Farƙ, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ɗabi'un mulkin da ya soka, cin dukiyar mamaci da sunan gado da kuma karɓar gaisuwa ta hannun 'yan tsakani suna cikin jeri guda. Ba wata alaƙar tarihi tsakanin wancan rubutu da abin da ya faru a Amurka, amma tambayar da ke ƙarƙashinsu ɗaya ce: wane ne zai sa hannu a dukiyar mutum da sunan hukuma, kuma wa ya ba shi wannan kujera?

Daga Barasa Zuwa Keken Doki

Gwaji na farko ya zo da harajin barasar wiski na 1791. Manoman yammacin Fensilbaniya, waɗanda duwatsu suka raba su da kasuwannin gabas, sukan mayar da hatsinsu barasa domin ta fi sauƙin ɗauka, har ma takan zame musu kuɗin ciniki. Harajin ya fi danne ƙaramin mai dafawa a kan babba, kuma wanda aka tuhuma da ƙin biya sai ya yi tafiyar kusan mil 300 zuwa kotun tarayya a Filadalfiya. Duk da haka, abin da ya mayar da gunaguni tawaye shi ne mutumin da aka ɗora a kan aikin. Janar Jon Neville attajiri ne mai bayi, shi ma babban mai dafa barasa ne, kuma an san shi da adawa da harajin kafin a ba shi muƙamin sufeto. Maƙwabtansa sun ɗauki wannan sauyi a matsayin sayar da kai. A watan Yulin 1794, bayan ya raka jami'in kotu rabon sammaci, ɗaruruwan mutane suka kewaye gidansa na Bower Hill, aka yi musayar wuta, aka rasa rayuka, aka ƙone gidan ƙurmus. Washinton ya tara mayaƙan sa-kai kusan 13,000, amma kafin su isa masu tawayen sun watse. Mutum biyu aka samu da laifin cin amanar ƙasa, ya kuma yi musu afuwa.

Masu hali ma sun yi tasu rigimar, sai dai a zauren kotu suka yi ta. A 1794 aka ɗora haraji a kan kekunan doki na alfarma, manyan Bajiniya suka ce ya saɓa wa tsarin mulki. Wani mai suna Daniel Hylton ya ƙi biya, aka shirya ƙara da sanin gwamnati, har aka rubuta cewa yana da kekuna 125 na hawan kansa, domin kawai kuɗin da ake jayayya a kai ya kai adadin da kotun tarayya za ta saurara. Hamilton da kansa ya tsaya wa gwamnati, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da harajin a 1796. Babu wanda aka ƙone wa gida.

Hatimi a Kan Wasiyya, Awo a Kan Taga

Dangantaka ta yi tsami tsakanin Amurka da Faransa a zamanin shugaba na biyu, Jon Adams, jiragen Faransa suna kama jiragen kasuwancin Amurka a teku. Domin gina rundunar ruwa, majalisa ta yi dokar hatimi a watan Yulin 1797, wadda ta fara aiki a tsakiyar 1798. Dokar ta wajabta rubuta wasu takardun shari'a da na ciniki a kan takarda mai hatimin gwamnati, kuma a cikinta ne harajin gado na tarayya ya fara bayyana a tarihin ƙasar. Yana da kyau a dubi adadinsa. Rabon da ya kama daga dala 50 zuwa 100 zai biya senti 25, wanda ya haura 100 zuwa 500 zai biya senti 50, sannan a ƙara dala ɗaya a kan kowace dala 500 da ta biyo baya. Matar mamaci da 'ya'yansa da jikokinsa kuwa an ɗauke musu gaba ɗaya. Wato wanda ya gaji dala dubu goma daga kawunsa, abin da zai biya bai wuce dala ashirin ba. A wannan shekara ta 1797 ne Tomas Paine ya fitar da ƙasidarsa mai suna Agrarian Justice, inda ya nemi a cire kashi goma cikin ɗari na dukiyar gado a raba wa matasa jari, a ba tsofaffi abin dogaro. Idan aka kwatanta da wannan, abin da majalisa ta yi bai fi ɗigon ruwa ba.

To me ya sa aka tsani dokar? Sunanta ne ya fara ja mata. Dokar hatimi ta Birtaniya ta 1765 tana cikin abubuwan da suka haddasa juyin juya halin, kuma waɗanda suka yi zanga-zanga a kanta suna raye. Ga shi gwamnatin da suka zubar da jini suka kafa ta dawo musu da abu mai irin wannan suna, ta kuma damƙa sayar da takardun a hannun jami'an da jam'iyya mai mulki, wato 'Yan Tarayya, ta zaɓa. A ƙauyukan Fensilbaniya har laƙabi aka yi wa magoya bayan gwamnati da kalmar da ma'anarta take daidai da 'yan hatimi.

A watan Yulin 1798 sai ga babban harajin. Majalisa ta yanke dala miliyan biyu a kan gidaje da filaye da bayi, aka raba wa jihohi gwargwadon yawan jama'arsu kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Fensilbaniya ta tashi da dala dubu 237 da ɗoriya. Kowane bawa mai shekara 12 zuwa 50 ubangidansa zai biya masa senti 50. Gidaje kuwa an yi musu hawa-hawa: gidan da darajarsa ta kama daga dala 100 zuwa 500 zai biya kashi 0.2 cikin ɗari, adadin yana ƙaruwa har ya kai kashi ɗaya cikin ɗari a kan gidan da ya haura dala 30,000. Abin da ya rage na kason jiha sai a watsa shi a kan filaye. A takarda, wannan shi ne haraji mafi adalci da gwamnatin tarayya ta taɓa tsarawa zuwa lokacin, domin ya nufi attajirin birni mai katafaren gida. A aikace gidajen ba su kawo abin da aka yi hasashe ba, nauyin ya gangaro kan filaye, kuma gonar da manomi ya sha wahala ya gyara ta fi dajin da ɗan baranda ya saya ya ajiye daraja, saboda haka ta fi shi biya. Fargabar manoma tana da tushe, ko da yake abin da yawancinsu za su biya bai taka kara ya karya ba.

Ba a nan gizo yake saƙa ba. Kafin a karɓi harajin sai an ƙiyasta kowane gida da kowace gona a faɗin ƙasar, a auna girman gini, a ƙirga tagogi. Wannan ya buƙaci rundunar kwamishinoni da masu ƙiyasi, dukkansu naɗaɗɗu daga sama. A gundumomin Bucks da Northampton da Montgomery na gabashin Fensilbaniya, yawancin mazauna Jamusawa ne mabiya ɗariƙun Lutaran da Rifom, waɗanda suka yi yaƙin 'yanci, suka kuma saba da zaɓen mai ƙiyasin harajin garinsu da ƙuri'arsu. Kamar yadda masanin tarihi Paul Douglas Newman ya nuna a littafinsa na 2004 a kan wannan tawaye, da yawa daga cikin waɗanda aka naɗa 'yan ɗariƙun Kwaka da Morabiya ne, waɗanda aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami lokacin yaƙin. Kwamishinan yankin, Jacob Eyerly, ɗan Morabiya ne da ya tsaya takara a zaɓen 1798 a ƙarƙashin 'Yan Tarayya ya sha kaye. Mutumin da jama'a suka ƙi da ƙuri'a, sai ga shi gwamnati ta dawo da shi ta bayan gida, da ikon aiko wanda zai shiga tsakar gidansu da igiyar awo. Tsohon soja yana kallon wanda ya zauna a gida lokacin da ake ɓarin wuta yana ƙirga masa tagogi. Ana ruwaito cewa mata sun riƙa sheƙa wa masu ƙiyasi ruwan zafi daga saman bene, har wasu suka riƙa kiran rikicin da yaƙin ruwan zafi.

Jon Fries, wanda tawayen ya ɗauki sunansa, ɗan gwanjo ne mai yawo ƙauye-ƙauye, yana jin Jamusanci da Ingilishi. Ya yi yaƙin 'yanci, kuma abin mamaki, yana cikin mayaƙan da suka tafi murƙushe tawayen barasa a 1794. Da jami'in kotun tarayya ya kama wasu masu ƙin ƙiyasi ya tsare su a wani masauki a garin Bethlehem na Fensilbaniya, da niyyar wucewa da su Filadalfiya, sai Fries ya jagoranci mutane fiye da ɗari, da yawansu da bindigogi, ranar 7 ga Maris, 1799. Sun nemi a ba da belin mutanen a yi musu shari'a a gundumarsu. Bayan doguwar jayayya jami'in ya sake su, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Adams ya ayyana abin a matsayin tawaye ya tura soja. An yanke wa Fries hukuncin cin amanar ƙasa a 1799, aka rushe hukuncin saboda an gano wani daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci ya riga ya furta ƙiyayyarsa. A shari'a ta biyu a 1800, Mai Shari'a Samuel Chase ya bayyana matsayinsa a kan ma'anar cin amanar ƙasa tun kafin lauyoyi su buɗe baki, lauyoyin Fries, William Lewis da Alexander Dallas, suka janye. Aka sake yanke masa hukuncin rataya. A watan Mayun 1800 Adams ya yi masa afuwa, duk da cewa ministocinsa sun ba shi shawarar kada ya yi. Afuwar ta zo a makare ga jam'iyyarsa, domin Jamusawan Fensilbaniya sun riga sun juya mata baya.

Jefason da Kujerun da Ya Tarar

Faɗuwa zaɓen 1800 ba ta sa 'Yan Tarayya sun saki kujeru ba. A makonninsu na ƙarshe suka ƙirƙiro sababbin kujerun alƙalai 16, Adams ya cike su, ya kuma naɗa ƙananan alƙalai 42 a sabon babban birnin ƙasar. Wasu takardun naɗin ba su kai ga masu su ba har wa'adinsa ya cika, sabuwar gwamnati ta riƙe su. Ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa, William Marbury, ya kai ƙara, kuma hukuncin da Alƙalin Alƙalai Jon Marshall ya yanke a 1803 shi ne ɗaliban shari'a suke karantawa a matsayin tushen ikon kotu na rushe dokar da ta saɓa wa tsarin mulki. Sau da yawa akan manta cewa asalin shari'ar kukan mai neman muƙami ne, kuma Marshall ɗin nan shi ne Sakataren Harkokin Wajen da ya bar takardun a kan teburinsa.

Jefason ya hau mulki a watan Maris na 1801 da kalaman haɗin kai, amma magoya bayansa, 'Yan Jamhuriya na wancan zamani, sun shekara goma ana rufe musu ƙofa, kuma sun zo karɓar rabonsu. A tashar New Haven ya cire Elizur Goodrich, wanda Adams ya naɗa ana gab da miƙa mulki, ya maye gurbinsa da Samuel Bishop, dattijo mai shekara 77, mahaifin wani fitaccen mai yi wa jam'iyyarsa farfaganda. 'Yan kasuwar garin suka rubuta takardar koke. A amsarsa ta watan Yulin 1801 Jefason ya kafa hujja da cewa masu riƙe da muƙamai kaɗan ne suke mutuwa, babu kuma mai yin murabus, to ta yaya rinjayen da jama'a suka ba jam'iyyarsa zai bayyana idan ba a cire wasu ba? Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta bayyana dalilin zaɓar tsoho wanda kowa ya san ɗansa ne zai yi aikin ba. Ɗan kuwa, Abraham Bishop, shi ya gaji kujerar a 1803, ya riƙe ta fiye da shekara ashirin. Wanda aka hana ma yana da nasa makamin. James Callender, ɗan jaridar da ya sha ɗauri saboda sukar Adams, ya nemi shugabancin gidan waya na Richmond, da bai samu ba sai ya juya alƙalaminsa, ya buga labarin alaƙar Jefason da baiwarsa Sally Hemings a 1802.

A cikin wannan yanayi aka soke harajin cikin gida, kuma adalci ne a kawo hujjar masu sokewar da cikakken ƙarfinta. Sun taso da karatun tarihin Ingila, inda suka ga yadda fadar sarki take sayen 'yan majalisa da muƙamai, suka yi imani cewa kowane mai karɓar haraji sojan jam'iyya mai mulki ne da ake biya da kuɗin jama'a. Abin da ya faru a Bower Hill da Bethlehem ya gaskata su. Soke harajin yana nufin soke ɗaruruwan kujeru, kuma samun shugaba yana rage abin da zai raba wa mabiyansa da hannunsa ba ƙaramin abu ba ne. Daɗin daɗawa, Sakataren Baitulmali Albert Gallatin, wanda shi ma daga yammacin Fensilbaniya ya fito, ya rage bashin ƙasa daga kimanin dala miliyan 83 a 1801 zuwa kimanin miliyan 45 a 1812. A jawabin rantsuwarsa ta biyu a 1805 Jefason ya yi alfahari da cewa manomi da mai sana'a da lebura ba sa ganin fuskar mai karɓar harajin tarayya.

Rashin ganin fuskar mai karɓa bai nuna ba a biya ba. Abubuwan da aka soke sun haɗa da harajin keken doki, da na tataccen sukari, da na hatimi wanda harajin gado yake cikinsa. Abin da aka bari shi ne kuɗin fito a kan gishiri da ɗanyen sukari da shayi da kofi da tufafi, wanda ɗan kasuwa yake biya a tasha ya ɗora wa mai saye a kanti. 'Yan Tarayya sun faɗi haka a muhawarar 1802, suka ce idan sauƙi ake nema wa talaka a fara da gishiri. An yi watsi da maganarsu saboda bakin da ta fito, alhali gaskiya ce, kuma harajin gishiri bai tafi ba sai 1807. Lebura da bai mallaki taku ɗaya na ƙasa ba ya ci gaba da biya duk ranar da ya shiga kasuwa, magajin da dukiya ta faɗo wa daga sama kuwa an yafe masa ko da 'yan sentin da ake karɓa. Harajin 1798 na sau ɗaya ne, ba a sabunta shi ba, ofisoshin da za su iya sabunta shi kuma aka rufe su.

Akwai kuma batun bayi, wanda ba a cika son ambatonsa a wannan babi ba. Robin Einhorn, a littafinta na 2006 a kan haraji da bauta a Amurka, ta kafa hujja da cewa ƙyamar harajin dukiya a siyasar ƙasar ta samo ƙarfinta ne daga masu bayi na kudu fiye da ƙananan manoma. Gwamnatin da take da ikon ƙirga bayin mutum ta yanka musu senti 50, tana da ikon mayar da shi dala 50 wata rana, har riƙe bawa ya gagara. Jefason da kansa ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Ba lallai ne a ce wannan kaɗai ya motsa shi ba, domin mutum ne da ya yi yaƙi da dokokin da suke tattara gado a hannun ɗan fari a Bajiniya. Amma fushin manomin Northampton ya yi wa mai gandun Bajiniya aiki fiye da yadda ya yi wa manomin kansa.

Abin takaici shi ne, wata hanyar tana nan a fili, kuma mutanen Fries ne suka nuna ta. Sun saba biyan harajin gundumarsu ga mai ƙiyasin da suka zaɓa, wanda suke iya kayar da shi baɗi idan ya zalunce su, kuma sun nemi a yi wa mutanensu shari'a kusa da gida. Da an gyara hanyar naɗin, aka raba ta da jam'iyya, aka yanke wa jami'i albashi maimakon kaso, da harajin da yake isa ga babbar dukiya ya rayu. 'Yan Tarayya sun ƙi yin haka domin kujerun ne ladan mabiyansu. 'Yan Jamhuriya su ma ba su yi ba, suka zaɓi rushe ginin gaba ɗaya.

Ba a daɗe ba aka ga illar. Takunkumin da Jefason ya sa wa cinikin waje a ƙarshen 1807 ya zubar da kuɗin fito da fiye da rabi zuwa 1809. Da yaƙi ya ɓarke da Birtaniya a 1812, gwamnatin da ta dogara kacokan a kan tashoshin ruwa ta wayi gari jiragen abokan gaba sun toshe tashoshin. Sai a 1813 aka dawo da harajin cikin gida da na filaye da gidaje da bayi, aka fara kafa ofisoshi daga tushe a tsakiyar yaƙi, kuma zuwa ƙarshen 1814 baitulmali ya kasa biyan wasu basussukansa a kan lokaci. Sakataren Baitulmali na lokacin shi ne Alexander Dallas, lauyan nan da ya janye daga shari'ar Fries. A farkon 1815 ya ba majalisa shawarar ɗora haraji a kan gado da kuɗin shiga, labarin sulhu ya iso, aka ajiye maganar. A 1817 aka sake soke harajin cikin gida, kuma gwamnatin tarayya ba ta ƙara taɓa dukiyar gado ba sai a 1862, lokacin yaƙin basasa.

Farautar muƙami kuwa gidan kwastan ta koma ta tare, tun da can ne kusan duk kuɗin tarayya yake bi. Dokar 1820 ta ƙayyade wa'adin masu karɓar kuɗin fito da wasu jami'ai zuwa shekara huɗu, da sunan tsabtace lissafi, amma sakamakonta shi ne kowane sabon shugaba yakan tarar da kujeru sun faɗo hannunsa ba tare da ya kori kowa ba. Jefason, wanda ya riga ya yi ritaya, ya soki dokar, ya ce za ta sa masu yunwar muƙami cikin zirga-zirga marar yankewa. A 1829 Shugaba Andrew Jackson ya ba Samuel Swartwout, wani ɗan-gani-kashe-ninsa, kujerar kwastan ta Niyok, tashar da ta fi kowace kawo kuɗi a ƙasar, duk da gargaɗin da Martin Van Buren ya yi masa. Swartwout ya yi wa'adi biyu, ya tsallaka Ingila a 1838, masu binciken lissafi suka tarar da giɓin fiye da dala miliyan ɗaya a littattafansa.